Mai Labule da Wayar da Ba Ta Tsegumi

Duk layin kasuwar ba mai kiranta da sunan da iyayenta suka sa mata. Mai Labule ake ce mata, ita ma ta amsa, tun tana da jini a jika har yanzu da furfura ta leƙo ta gefen ɗankwali. Shagonta ɗan tsukut ne tsakanin mai yankan gilashi da mai gyaran waya. In ka shiga, keken ɗinki ne a dama, teburin yanka a hagu, sai bandir-bandir na yadi a jingine har rufi. A bayan ƙofa akwai wani tsohon tsanin ƙarfe da fentinsa ya goge daidai inda hannu ke kamawa. Tef ɗin awo kuwa kullum yana wuyanta, har maƙwabta na tsokanarta wai da shi take kwana.

Ba gadon sana'ar ta yi ba. Mijinta direban babbar mota ne, ya fita da kaya wata safiya bai dawo ba, hanya ta ci shi. Ya bar ta da yara biyu da keken da ya saya mata don faci a gida. Ta fara da ɗinkin riguna, ta ga ba za ta iya da mitar mutane ba, wannan ta ce hannu ya matse, waccan ta ce wuya ya yi faɗi. Taga kuwa ba ta da baki. Sai ta koma ga taga, kuma da labule ta ciyar da 'ya'yanta, ta kai su makaranta har suka zama mutane.

Doka ɗaya gare ta, kuma a kanta ta yi faɗa da rabin garin. Ba ta ɗinki da awon da aka karanto mata ta waya. In ka ce mata ai ido ba mudu ba ne amma ya san kima, sai ta ce maka ya san kimar hatsi dai, bai san ta taga ba. A cewarta tunda aka fara gini ba a taɓa samun maginin da ya fitar da tagogi biyu daidai wa daida ba. Don haka ita za ta je da ƙafarta, ta hau tsani ta auna, ta dawo ta ɗinka, ta koma ta rataya. In ba ka yarda ba, ga hanya nan, masu ɗinki sun yi yawa.

Babban ɗanta tun yana ƙarami ake ce masa Injiniya, saboda ba rediyon da ya kwana lafiya a hannunsa, kuma Allah ya cika masa sunan. Aiki ya kai shi wani gari mai nisa, can ya yi aure, can aka haifa masa 'ya. Ƙanwarsa Auta tana nan cikin gari, tana aiki a kantin magani. Yaran kirki ne dukansu, wannan ko ranar da suka fi ɓata mata rai ba ta musu.

Matsalar ta faro ne ranar da ƙafar tsani ta zame a kan tayil ɗin da aka goge da sabulu. Mai Labule ta faɗo ta karya tsintsiyar hannu. Ƙashi ya haɗe, ta koma aiki, har ta manta wane hannun ne. Injiniya ne bai warke ba.

Ya zo duba ta da waya sabuwa fil a kwali, irin tasa, irin ta matarsa, irin ta Auta. Ya zauna a bakin gado ya yi ta danne-danne, ya buɗe musu zauren iyali a cikin manhajar saƙon wayar kanta, don shi bai yarda da wadda kowa ke amfani da ita ba. Daga ƙarshe ya nuna mata wata taswira da ɗan ɗigo a tsakiya.

"Umma, wannan ɗigon ke ce. Ko da wani abu zai faru, Allah ya kiyaye, zan san inda kike."

"To, Allah ya yi albarka," in ji ta, don a lokacin hankalinta na kan hoton jikarta da ya cika allon. Hoton ya fito tar, har gashin idon yarinyar ana iya gani.

Da farko abin gwanin daɗi. Kullum da hoto, kullum da bidiyo, ga jika tana rarrafe, ga ta tana cusa takalmin ubanta a baki. Sai kuma wasu saƙonnin suka fara biyo baya. Tana bakin titi tana jiran mota, waya ta yi ƙara: Umma, me kike yi a bayan tasha? Tana gidan mutane tana awo: Umma, na ga kin daɗe a wuri ɗaya, lafiya? Ta biya gaisar da ƙawarta a asibiti, kafin ta kai bakin gadon ya rubuta a zaure cewa Umma tana asibiti, Auta ki bincika. Ta fara jin kamar kazar da aka ɗaura wa ƙararrawa a wuya.

Abin da ya fi cin ranta ma ba wannan ba ne. Da can, duk ƙarshen mako sai Injiniya ya kira. Zai ce Umma kina ina, ya aiki, wa kika yi wa faɗa yau, ta ba shi labari yana dariya irin ta ubansa. Tunda ɗigon nan ya shigo, kiran ya yi ta ja da baya har ya ɗauke. Me zai tambaya? Yana zaune a ofis yana ganin komai, ko dai yana ganin ya ga komai.

Ranar da tura ta kai bango, tana gidan wata matar lauya ne da ta tare a sabon gida mai tagogi dogaye. Mai Labule na saman tsani, fil a baki, tef a hannu, sai ga Auta ta yi sallama da farar rigar aikinta, tana sunkuyar da kai, tasi na jira a waje.

"Umma, ki yi haƙuri. Yaya ne ya ce ya ga kin zo har nan, wai in zo in mayar da ke gida."

Matar gidan ta dafe ƙirji. "Ayya, Mama, ashe ba ki da lafiya? Ai da kin faɗa. Sauko, don Allah sauko, kada a ce a gidana ne."

Ta sauko. Ba don an fi ƙarfinta ba, sai don ba ta wanke kayan gida a tsakar gidan wasu. Ta shiga tasi, Auta ta mayar da ita gida. Bayan kwana biyu matar lauya ta aiko da ban haƙuri, ta ce ta ba wani aikin, ba ta so ta wahalar da tsohuwa. Tsohuwa! Mai Labule ta maimaita kalmar a shago ita kaɗai, ranta na tafasa. Da tsakar rana, a gaban mutane, ɗan da ta haifa ya sauke ta daga kan sana'arta ba tare da ya ko ɗaga murya ba.

Ta ja ƙofar shago ta shiga wurin maƙwabcinta mai gyaran waya, wani mai sanƙo da tabarau biyu, ɗaya a hanci ɗaya a goshi. Ta dangwara masa wayar a kan teburi.

"Ba ni wadda ba ta tsegumi."

"Yaya, ai ba sai kin canza ba. Ɗigon nan ana iya kashe shi."

"Kashe mu gani."

Ya taɓa nan, ya taɓa can, ya sauke tabaran goshi ya ɗora a kan na hanci. "Ya kulle wurin da lambar sirri. Makullin yana hannun ɗanki."

"To ya riƙe abinsa. Ciro min layina."

Mai gyara ya ɗauko mata wata ta wani kamfanin daban, mai faɗin allo, ya sa layin. Amma ya ce sai ya gaya mata gaskiya kafin ta tafi, don kada gobe ta zo ta tsaya masa a ka. Wayoyin nan biyu ba su cika ga maciji da juna ba. Zauren iyalin nan ba za ta ƙara shiga ba. Saƙon da suka turo mata kai tsaye wani zai zo, wani kuma zai wuce tsohuwar wayar, don lambarta na nan ɗaure a can, kuma kwance ta sai da makullin da babu. Hoto da bidiyo in sun iso, za su iso a gajiye.

"A gajiye kamar yaya?"

"Za ki gani, Yaya."

"In gani ɗin. Ni ma a gajiye nake isa gida, kuma ban fasa isa ba."

Tsohuwar wayar ta kashe ta, ta jefa ta cikin gwangwanin maɓallai, ta rufe. A can garin mai nisa ɗigo ya tsaya cak a kan shago, bai ƙara motsi ba.

Abin da ya biyo baya, rabinsa abin dariya ne. Ta tura wa Auta saƙo cewa ta isa gida lafiya, Auta ta manna masa 'yar zuciya kamar yadda suka saba. Maimakon zuciya, sai Mai Labule ta samu wani sabon saƙo cikin Turanci yana sanar da ita cewa wance ta ƙaunaci kaza da kaza, ya kuma maimaita mata maganarta tun daga farko. Ta kai wa mai gyara ta ce wayar ta fara kwaikwayonta. Matar Injiniya ta turo tambaya a kan labulen ɗakinta, rabin farko ya zo, rabin ƙarshe ya tafi gwangwanin maɓallai, sai amsar da Umma ta bayar ta fito kamar ta mai jin haushi. Aka yi kwanaki ana lallashin suruka a kan laifin da ba wanda ya yi.

Ɗaya rabin kuwa ba dariya a cikinsa. Wata la'asar tana kalmasa gefen labule sai bidiyo ya shigo daga matar Injiniya, da rubutu a ƙasa: Umma, ta fara tafiya! Ta ajiye allura ta goge tabarau ta danna. Abin da ya fito bai fi akwatin ashana girma ba, dishi-dishi, kamar ana leƙen mutum ta bayan jiƙaƙƙen yadi. Wani ɗan abu ja yana tangaɗi daga wannan gefe zuwa wancan. Ba fuska, ba ido, ba 'yan haƙoran nan biyu. Ta kalla ta sake kalla, ta kai shi bakin ƙofa wurin haske, bai canza ba. Ta zauna a kan kujerar keke ta yi kuka, kukan gaske, har ta jiƙa gefen labulen mutane.

Gwangwanin maɓallai yana nan a kan kanta, miƙa hannu kawai za ta yi. Ta san da ta kunna, jikarta za ta fito mata tar, da duk abin da ya taru a ciki. Ta san kuma ɗigon zai farka tare da ita. Ta daɗe tana kallon gwangwanin, sannan ta share ido da bakin mayafi ta ɗauki allurarta.

Da yamma Auta ta biyo ta shago, ta zauna a kan bandir ɗin yadi, abin da ta san an hana.

"Umma, don Allah ki kunna waccan. Yaya ya ce ko sabuwa ce zai aiko. Ke kaɗai ce saƙonki ke zuwa da wani launi daban, kamar baƙuwa."

"Baƙuwar da ta haife ku. Tashi min daga kan yadi."

Auta ta koma kan benci. "Ya rubuto miki ya fi a ƙirga, ba ki amsa ba."

"Ya rubuta wa maɓallai. In yana son sanin inda nake, yana da baki. Lambar ba ta canza ba, kira kuma ba ya ɓata a hanya, na tambaya."

"Fushi yake yi."

"Ya sha ruwa."

Auta ta ɗauki guntun zare tana wasa da shi. Da ta sake magana muryarta ta yi ƙasa. "Ba fushi ba ne kaɗai, Umma, tsoro ne. Ni ban san Baba ba, amma shi da wayonsa. Ya ce har yau yana tuna yadda ya zauna a bakin ƙofa yana jiran ƙarar motar."

Wannan ta shige ta. Ƙafarta ta tsaya a kan keke. Ta tuna yaron da gajeren wando, ya ƙi cin abinci, ya ƙi shigowa, duk motar da ta wuce sai ya miƙe.

"Ni ma na jira motar nan," ta ce a hankali. "Na fi shi jiranta. Amma da ya tashi tafiya makaranta ban ɗaure shi a ƙafar gado ba. Da ya ce zai tafi wata uwa duniya aiki, na haɗa masa kaya na raka shi tasha, na dawo na yi kukana ni kaɗai. Tsorona ni na ɗauki abina, ban ɗora masa ba. Shi ma ya ɗauki nasa."

Auta ta kai saƙon ko ba ta kai ba, oho. Abin da aka sani shi ne shiru ya biyo baya, dogon shiru, irin wanda uwa da ɗa masu kai ɗaya suka iya. Mai Labule ta ci gaba da fita. Ta auna tagogin wani asibitin haihuwa, ta yi wa wani mai shagon aski labulen da ya raba masu jira da masu aski, ta yi faɗa da wani magini. Da rana tana ɗaga kai tana taka ƙasa da ƙarfi. In ta koma gida kuwa, sai ta ajiye wayar kusa da farantin abinci, fuskarta a sama, wai don ganin lokaci.

Ana haka aka ba ta aikin ɗakin taro na wata makaranta, tagogi dogaye a jere, yadi mai nauyi da shafi a bayansa. Ranar ratayawa aka tashi da hadari. Kafin azahar ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya, har hanyar kasuwa ta cika, motoci suka maƙale, labari ya bazu ko'ina. Ita ba ta ma sani ba. Tana saman tsani, zobban labule a aljihun riga, mai gadin makarantar na riƙe mata ƙafar tsanin yana gyangyaɗi.

Wayar ta yi ƙara. Ba 'yar ƙarar saƙo ba, doguwar ƙara ta kira. Ta laluba ta ciro, ta ga sunan Injiniya. Ta bar ta ta ɗan yi ruri, don kada a ce jira take. Sannan ta ɗauka, ta sa a sifika, ta mayar aljihu.

"Umma! Umma, kina ji na?" in ji shi. "Na ga ruwan da aka yi, na tura saƙo ba ya tafiya, Auta ta ce shago a rufe. Umma, kina ina?"

Kina ina. Rabon da ta ji wannan tambayar daga bakinsa har ta manta.

"Ina kan tsani."

"Inna lillahi! Tsani kuma? A ina?"

"A wurin aikina. Akwai rufi, akwai mai riƙe min, ba a goge ƙasa da sabulu ba, na duba."

"Don girman Allah ki sauko mu yi magana."

"Ba zan sauko ba. Da baki ake magana, ba da ƙafa ba. Faɗi, ina ji."

Ta ji numfashinsa a cikin aljihunta, yana hawa yana sauka. Ta san wannan numfashin, na yaron bakin ƙofa ne. Ta zura zobe a sanda, ta zura wani, tana jira ya fashe da faɗa ko ya kashe.

"To ba zan kashe ba sai kin sauko," ya ce.

"Ruwanka. Tagogin da yawa."

"Ko nawa ne."

Ta ja tattarar labulen ta daidaita. Can ya ce, cikin sanyin murya, wane irin yadi ne. Ta ce masa mai nauyi ne, kuma wanda ya zaɓi launin Allah ya shirye shi. Ya tambayi wa ya zaɓa. Ta ba shi labarin shugaban makarantar da ya so ya karanto mata awo ta waya, da abin da ta gaya masa, sai ga dariyar nan ta fito daga aljihu, ta ubansa sak, har mai gadi ya farka yana waige-waige. Ya ce yarinyar yanzu har gudu take, jiya ta fasa kofi. Ta ce ita dai wani jan abu ta gani yana tangaɗi. Sai ya ce zai saukar da waccan manhajar da kowa ke amfani da ita, ya turo mata daga farko. Ba ta ce masa ai da ma ba. Ta dai ce ya turo har da na fasa kofin.

Ta sauko, aka matsar da tsani, ta sake hawa. Duk hawa sai ya ce Umma a hankali, duk sauka sai ta ce masa ta taka ƙasa. Ruwa ya tsagaita, shi kuwa bai kashe wayar ba.

Da suka zo taga ta ƙarshe, zobba kaɗan suka rage a aljihunta, aikin da ba ya ɗaukar ta komai. Mai gadi ya ɗaga kai ya ga matar da tun safe hannunta ke gudu kamar inji ta tsaya tana gyara tattarar da ba abin da ya same ta, ta warware ta sake kamawa.

"Umma, kin kusa?" in ji muryar cikin aljihu.

"Da saura," ta ce. "Ci gaba da labarinka."